Daga Filin Sukuwa Na Kano Zuwa Umuahia: Ɗan Tarihin Jirgin Yaƙi A Ƙasarmu

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Tun ina ƙaramin yaro a ƙauyenmu Furfuri, cikin ƙasar Bunguɗu, nake jin labarin jiragen yaƙin basasa daga bakin kakana, wanda ya shiga soja cikin 1967 ya kuma dawo gida da ransa bayan an gama yaƙi a 1970. Amma ban taɓa ɗora idona kan ko ɗaya daga cikin jiragen nan ba sai a wani dogon hutu da na bi kawuna zuwa kasuwar shanu ta Lokpanta a Jihar Abiya. Da muka sauke kaya na roƙe shi ya ba ni kwana ɗaya, na hau mota na nufi Umuahia, inda Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa yake. Abin da nake so in yi a wannan ɗan rubutu shi ne in gaya wa 'yan'uwa ɗalibai abin da na gani, sa'an nan in bi sawun jirgin yaƙi tun daga ranar da ya fara sauka a ƙasar Hausa, domin na lura yawancinmu mun ɗauka tarihinsa na waɗansu mutane ne can nesa, alhali kuwa a ƙofar gidanmu aka yi mafi yawansa.

An kafa gidan nan cikin 1985, zamanin mulkin Janar Muhammadu Buhari, kuma ba da ka aka zaɓi wurin ba, don nan ne ramin da gidan rediyon Biyafara ya riƙa watsa labaru daga ƙarƙashin ƙasa. A ciki akwai ɗakuna na makaman gargajiya da kayan sarki na soja, a waje kuma akwai motocin sulke da injiniyoyin Biyafara suka ƙera da hannunsu, da nakiyar nan tasu da ake kira ogbunigwe, har da wani jirgin ruwa na yaƙi mai suna Bonny, wanda aka girke shi a tudu. Duk na duba su, amma zuciyata tana wajen jiragen sama. Ga su nan a fili a jere, na tarayya da na Biyafara kafaɗa da kafaɗa, kamar ba su taɓa neman ran juna ba. Na fito da wayata na yi ta ɗaukar hoto, ta gaba da ta baya da ta ƙarƙashin fiffike, sai da cajin ya kusa ƙarewa.

Kafin mu shiga tarihin, tun da yake mujallar Ƙungiyar Hausa ce wannan, bari mu ɗan tsaya kan kalmar kanta. Asalin jirgi wurin Bahaushe shi ne na ruwa, wanda ake fafe shi daga gungumen itace a yi fito da shi. Da hanyar dogo ta iso Kano cikin 1911, Bahaushe bai wahalar da kansa wajen aron suna ba, sai ya ce ga jirgin ƙasa. Da na sama ya zo, ya ce jirgin sama. Mai jan sa kuwa ya bar masa sunan mai tuƙa kwalekwale, watau matuƙi. Da aka kawo wanda ba ya bukatar gudu kafin ya tashi ko ya sauka, sai ya duba cikin tsuntsaye ya ce wannan mai saukar ungulu ne. Wanda duk ya ce Hausa ba ta iya ɗaukar ilmin zamani, sai ya fara bayyana mana yadda kalma ɗaya ta fita daga ruwa ta hau tudu ta tashi sama ba tare da ta ɓata ba.

Jiragen da suka fara sauka a Nijeriya na soja ne. Ranar 27 ga Oktoba 1925 jirage uku na rundunar mayaƙan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Suka bi ta Sudan da ƙasar Cadi, a farkon Nuwamba suka sauka a filin sukuwa na Kano, zamanin Sarkin Kano Usman. A lura da wannan hanya da kyau: ita ce dai hanyar da kakanninmu suke bi da ƙafa da jakuna zuwa Makka, ta Barno da Wadai da Darfur, tafiyar da kan ci watanni, wani ma shekaru, wani kuwa ya zauna a Sudan har abada. Ga shi waɗansu sun yanke ta cikin 'yan kwanaki. Wani abin mamaki kuma, Kanawa sun ga jirgin sama kafin mutanen Gusau su ga jirgin ƙasa, don sai 1929 aka gama shimfiɗa dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau zuwa Ƙauran Namoda.

Shi DH.9A ɗin nan in ka ga hotonsa sai ka yi mamakin ƙarfin halin masu shigarsa. Fiffike biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, an ɗaure su da sanduna da wayoyi. Ƙashin jikinsa katako ne, an lulluɓe yawancinsa da ƙyalle an shafe da fenti. Mutum biyu yake ɗauka, kawunansu a waje iska na dukansu, injinsa kuma ƙirar Amurka ne mai ƙarfin doki 400. An ƙera shi ne don jefa bom a ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko, kuma da irinsa Ingilishi suka riƙa horon ƙabilun Iraƙi daga sama cikin shekarun 1920. Saboda haka kada mu ɗauka yawon buɗe ido ne kawai ya kawo su Kano. Sun zo gwada hanya ne, da kuma nuna wa talakawa da sarakuna irin abin da mai mulki yake da shi a hannu. Akwai guda ɗaya irinsa da aka adana a gidan tarihin mayaƙan sama da ke London, ko da yake ba ya cikin ukun da suka zo mana. Shekara goma sha ɗaya bayan wannan tafiya, watau 1936, kamfanin Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu daga Hartum zuwa Kano, aka soma aiki da filin jirgin Kano, wanda ya girmi duk sauran na ƙasar nan.

Amfanin gwajin 1925 bai fito sosai ba sai lokacin Yaƙin Hitila. Cikin Yuni 1940 Faransa ta faɗi hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, sai Bahar Rum ta zama hanyar mutuwa ga jiragen ruwan Ingila. Ga sojojinsu a Masar suna bukatar jiragen sama, zagayawa ta ƙarshen Afirka ta Kudu kuwa tafiya ce mai cin lokaci. Dabarar da suka yi ita ce, su ɗauko jiragen a wargaje cikin akwatuna, su sauke su a Takoradi ta ƙasar Gwalkwas, watau Gana ta yau, a haɗa su a can, sa'an nan a tuƙa su ta Ikko, da Kano, da Maiduguri, da Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, da El Fasher, da Hartum, har Masar, tafiyar kusan mil 3,700. Ayarin farko ya tashi cikin Satumba 1940. Yadda suke yi shi ne, babban jirgi samfurin Blenheim, mai ɗauke da masanin hanya, ya shige gaba kamar madugu, ƙananan Hurricane su biyo bayansa. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Wanda kuwa yake karɓarsu a can hamadar Masar da Libiya, yana shugabancin mayaƙan saman da suka kara da Rommel, shi ne Coningham ɗin nan da ya sauka filin sukuwa.

Abin da ya sa hanyar ta yiwu siyasa ce ta maƙwabtanmu. Ƙasar Nijar, su Damagaram da Maraɗi, tana hannun Faransawan Vichy masu biyayya ga Jamus, don haka dole jiragen su kauce mata. Cadi kuwa gwamnanta Félix Éboué, baƙar fata ne ɗan asalin Giyana, ya bayyana goyon bayansa ga Janar de Gaulle cikin Agusta 1940, ya buɗe wa jiragen Ingila Fort Lamy. Jamusawa sun san muhimmancin wurin, don cikin Janairu 1942 wani jirginsu guda ɗaya, samfurin Heinkel, ya ratso Sahara daga Libiya ya jefa wa Fort Lamy bom ya ƙona ma'ajiyar mai. Talakan ƙasar Hausa shi ma bai tsira daga ɗawainiyar yaƙin ba. Ya ba da 'ya'yansa aka kai Habasha da Bama, ya noma gyaɗa, an ɗebe shi aikin tilas zuwa haƙar kuza a Jos, an kuma tara kuɗi a hannunsa na gudunmawar yaƙi, har aka sa wa wata rundunar jiragen Spitfire mai lamba 91 sunan Nijeriya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin Janairu 1939 Malam Abubakar Imam yana editanta, ita ce ta riƙa kai wa mutane labarin inda gumin nasu yake tafiya.

To, yanzu mu komo Umuahia. Nijeriya ta kafa rundunar mayaƙan samanta cikin Afrilu 1964, da taimakon Jamus ta Yamma, har ma shugabanninta biyu na farko Jamusawa ne. Sa'ad da Ojukwu ya yi shelar Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, aka kuma fara harbi ranar 6 ga Yuli, rundunar nan ba ta da jirgin faɗa ko ɗaya, sai na koyon tuƙi da na ɗaukar kaya, irin su Dornier 27 wanda akwai shi a gidan tarihin. Biyafara ce ma ta riga ta kai hari ta sama, da wani tsohon jirgin Amurka samfurin B-26, ragowar Yaƙin Hitila, wanda wani ɗan ƙasar Folan mai suna Jan Zumbach ya tuƙa ya kai wa filin jirgin Makurɗi farmaki cikin Yuli. Gwamnatin Gowon ta nemi jiragen yaƙi wurin Ingila da Amurka, suka hana ta. Sai ta juya wajen Rasha. Cikin Agusta 1967 aka fara sauke jiragen MiG-17 a filin jirgin Kano, aka kuma samo L-29 ƙirar Cekoslobakiya. Da yake 'yan Nijeriya ba su riga sun koyi tuƙa su ba, Misirawa ne suka fara jan su, daga baya aka ɗauko sojojin haya na Turai. Kano ke nan karo na uku.

MiG-17 shi na fara nufa. Gajere ne, bai kai girman da nake zato ba, fikafikansa sun karkata baya kamar na shirwa in ta kawo sura. Ba shi da farfela. Hancinsa a buɗe yake kamar bakin tulu, ta nan yake shaƙar iska ya kai wa injin, a ƙarƙashin bakin kuma nan ne mazaunin bindigoginsa uku, ɗaya mai faɗin milimita 37, biyu masu 23. Mutum ɗaya tak yake ɗauka. Kusa da shi ga babban yayansa, Ilyushin 28, mai inji biyu rataye a fikafikai, wanda aka fara kawowa cikin 1968. Wannan mutum uku yake ɗauka: matuƙi a sama, mai saita bom a cikin hancin gilashi yana kallon ƙasa, da mai bindiga can a wutsiya shi kaɗai. Yana iya ɗaukar bom har tan uku. Na daɗe a gaban hancin gilashin nan ina tunanin abin da mai zama ciki yake gani. Daga can sama rumfar kasuwa da tantin soja kusan kamanninsu ɗaya ne, kuma tarihi ya tabbatar da cewa bom ya faɗa kan kasuwanni da asibitoci a ƙasar Ibo, kamar yadda ya auku a kasuwar Umuohiagu cikin Fabrairu 1969. Wannan ba abin da za mu ɓoye ba ne don kakanninmu suna ɓangaren tarayya. Waɗanda suka mutu a rumfunan nan mata ne da yara masu neman abin sawa a baki cikin yunwa.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne ƙaramin cikinsu, wanda in ka tsaya kusa da shi sai ka ce abin wasan yara ne. Sunansa MFI-9B, an ƙera shi a birnin Malmo na ƙasar Siwidin don koyon tuƙi, kujera biyu gare shi da inji mai ƙarfin doki 100 kacal. Wani basaraken Siwidin mai suna Carl Gustaf von Rosen, wanda tun 1935 ya yi wa ƙungiyar Red Cross tuƙi a Habasha lokacin da Italiya ta mamaye ta, shi ya kawo su. Da farko abinci yake kai wa Biyafara a filin Uli, wanda ba wani fili ba ne illa titin mota da aka faɗaɗa, jirage suna sauka cikin dare. Da ya ga ɓarnar da bom yake yi, sai ya sayo irin waɗannan ƙananan jirage guda biyar, aka kai su Gabon aka haɗa, aka shafa musu fenti kalar daji, aka ɗaura wa kowanne roka goma sha biyu, shida a kowane fiffike. Ranar 22 ga Mayu 1969 suka taso ƙasa-ƙasa, suna shafar kan itatuwa don kada a hange su, suka auka wa filin jirgin Fatakwal, cikin 'yan kwanaki kuma suka bi da Binin da Inugu, suka lalata waɗansu jiragen tarayya a inda suke ajiye. Ƙaramin goro ya fi babban dutse, in ji Hausawa. Amma wannan bai juya yaƙin ba, don Umuahia kanta ta riga ta faɗi hannun Runduna ta Ɗaya tun 22 ga Afrilu. Abin da ya biyo baya ma ya fi muni: ranar 5 ga Yuni 1969 wani MiG-17 ya harbo jirgin agaji na Red Cross kusa da Eket, duk mutanen ciki suka mutu, Red Cross ta dakatar da jigilar abincinta, yunwa ta ƙaru. Cikin Oktoban shekarar kuma shugaban mayaƙan saman tarayya, Kanar Shittu Alao, ya rasu sa'ad da L-29 da yake tuƙawa ya faɗi a Uzebba. Aka gama yaƙi ranar 15 ga Janairu 1970. Shi kuwa von Rosen ajalinsa a Habasha yake, an kashe shi a garin Gode cikin 1977 yana aikin kai abinci.

Da na zauna a mota ina duba hotunan da na ɗauka, sai na ga dukkansu sun yi kyau, kuma kyawun nan ne ya dame ni. Hoto yana nuna ƙarfe da fenti da lamba, ba ya ɗaukar ƙara, ba ya nuna wanda yake ƙasa yana gudu. Ɗalibin tarihi da ya tsaya ga hoto da ɗan allon bayanin da aka kafa gaban jirgi, labarin maƙera da matuƙa kaɗai zai samu. Sauran rabin yana bakin tsofaffin da suka kwanta cikin rami, a can ƙasar Ibo da kuma nan garuruwanmu, kuma kullum raguwa suke yi. Da Ƙungiyarmu za ta ɗora wa kowane ɗalibi ya ɗauko muryar tsohon soja ɗaya daga garinsu a hutu mai zuwa, da mun tara abin da babu shi a kowane littafi, da Hausar waɗanda suka gani da idonsu.

Mu mutanen Zamfara kuwa ba ma bukatar zuwa Abiya kafin mu san ƙarar jirgin yaƙi. Tun da ɓarayin daji suka addabi ƙasarmu, daga dajin Tsafe har zuwa Ɗansadau da Zurmi, yaron da bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba yana iya bambanta ƙarar mai saukar ungulu da ta jet. A cikin jiragen da aka yi aiki da su a kanmu akwai Alpha Jet, ƙirar haɗin gwiwar Faransa da Jamus, wanda Nijeriya ta saya tun farkon shekarun 1980, ta kuma yi yaƙin Laberiya da shi. Jamus ta daina aiki da nata tun cikin shekarun 1990, waɗansu ma suna gidajen tarihi ana ɗaukar su hoto. Irinsa ne ɓarayi suka harbo a Zamfara ranar 18 ga Yuli 2021, matuƙinsa Abayomi Dairo ya dira da lema, ya ɓuya har dare ya yi, ya kai kansa wurin sojoji. Akwai ƙauyukan da zuwan jirgi ya cece su daga hari, wannan gaskiya ne, kuma mutanensu suna godiya. Akwai kuma Mutumji cikin Disamba 2022, da Tungar Kara cikin Janairu 2025, inda wutar ta faɗa kan mutanen gari da 'yan sa-kai, har gwamnatin jiha ta yi ta'aziyyar na Tungar Kara. Matsalar mai zama cikin hancin gilashi tana nan ba ta kau ba, ko da yake na'urorin hange sun canja.

Da na koma Furfuri, bayan sallar la'asar na sami kakana a zaure bisa buzunsa, na durƙusa na gaishe shi na miƙa masa wayar. Ya riƙe ta nesa da fuskarsa yana ƙifta ido, ina tura masa hotunan ɗaya bayan ɗaya. Jirgin ruwan bai dame shi ba, motocin sulke ya yi musu dariya. Da muka zo kan MiG sai ya dafa hannuna ya ce in tsaya.

"Wanga shi na, mai buɗaɗɗen baki," in ji shi. "Ashe haka shi ke ɗan ƙanƙane? Kai abokina, ka taɓa shi da hannunka?"

Na ce, "Na taɓa shi, Baba Tsoho. Ai naku ne, na tarayya."

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Mu dai cikinai muka sani, ba mu taɓa ganin bayanai ba. In kaj ji ƙara kwantawa akai, sai ya wuce kana a tambayi ko na wa na."

Na nuna masa ƙaramin nan na von Rosen, na gaya masa yadda aka ɗaura masa roka. Ya ce wannan bai taɓa gani ba, labarinsa kaɗai suka ji. Ya sa na mayar masa da hoton MiG, ya kira ƙanena ya je cikin gida ya ɗauko masa tabarau, ya ci gaba da dubawa har ladan ya kira magariba.